Sojojin da nasu suka harbe, da majalisun da suka ƙi yin shiru

Akwai wani yaro ɗan garin Limerick a ƙasar Ailan mai suna Patrick Downey, shekararsa 19, sojan Birtaniya ne a yaƙin duniya na farko. A ƙarshen watan Disamba 1915 aka harbe shi can wajen Salonika ta ƙasar Girka, kuma fa ba abokan gaba ne suka harbe shi ba, sojojin ɓangarensa aka jera suka saita bindiga suka buɗe masa wuta bisa hukuncin kotun soja. Laifinsa ƙin bin umarni, kuma cikin umarnin da ya ƙi bi ɗin har da cewa ya sa hularsa. Hula fa jama'a. Wallahi duk sanda na tuna wannan sai na ji ƙirjina ya yi nauyi, uwa ta haifi ɗa ta raine shi har ya kai shekara 19, ya ɗauki ƙafa da kansa ya shiga soja ba wanda ya tilasta shi, ƙarshenta a ɗaure shi a jikin turke a harbe saboda maganar da ba ta kai ta kawo ba.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. A yaƙin nan na 1914 zuwa 1918 kotunan sojan Birtaniya sun yanke hukuncin kisa sama da 3,000, yawancinsu an sassauta, amma an zartar da 346. In ka cire waɗanda aka kashe saboda kisan kai da mutum uku da aka kama da bore, sauran 306 duk laifin soja ne zalla, gudu daga fagen daga wanda shi ne mafi yawa, sai tsoro, sai barin wurin gadi, barci a bakin aiki, yar da bindiga, dukan na gaba, ƙin bin umarni. A duka 346 ɗin nan hafsoshi uku ne kacal, saura duk ƙananan sojoji ne, 'ya'yan talakawa, leburori da ma'aikatan masana'anta da yaran da suka yi ƙaryar shekaru don a ɗauke su. Herbert Burden yana da shekara 16 ya shiga, yana 17 aka harbe shi a Yuli 1915. Herbert Morris baƙar fata ne daga Jamaika, shi ma 17, an harbe shi a garin Poperinge na Beljiyam a Satumba 1917.

Yadda ake yin abun ma shi ne ya fi tayar da hankali. Shari'ar a bayan fagen daga ake yinta, hafsoshi uku su zauna, sau da yawa wanda ake tuhuma ba shi da wani ƙwararren mai kare shi, cikin mintuna an gama, takarda ta bi sama har ta isa teburin babban kwamanda, a Faransa da Beljiyam yawanci Douglas Haig kenan, in ya sa hannu shikenan. Mutumin sai daren ƙarshe yake jin cewa gobe ne. Da asuba a fito da shi a ɗaure, a rufe masa ido, likita ya maƙala masa farin ƙyalle daidai saitin zuciya, masu harbin kuma sau tari daga bataliyarsa ake zaɓo su, mutanen da suka ci abinci tare suka kwana rami ɗaya, in harsasai ba su gama da shi ba hafsa ya matso da ƙaramar bindiga ya ƙarasa. Daga nan a karanta wa sauran sojoji a fareti don ya zama izina. Wannan shi ne ainihin manufar ai, a tsorata na baya.

Labarin Harry Farr shi ne wanda ya fi fitowa fili saboda iyalinsa sun ƙi haƙura. Shi tsohon hannu ne a soja, tun 1914 yake Faransa, a 1915 ya yi wata biyar a asibiti saboda irin firgitar nan da rugugin igwa ke sa wa mutum har jiki ya dinga rawa ba ya iya riƙe alƙalami, aka sallame shi aka mai da shi daga, abun ya sake dawowa. A Satumba 1916 lokacin gumurzun Somme a Faransa ya ce ba shi da lafiya yana so ya ga likita, ba a duba shi ba tunda ba rauni a jikinsa da ido zai gani, aka ce ya wuce gaba ya ce ba zai iya ba. Shari'arsa minti 20 ta ɗauka, shi ya kare kansa da bakinsa, ranar 18 ga Oktoba 1916 aka harbe shi da laifin tsoro yana da shekara 25, kuma mutumin da aka kira matsoraci ɗin nan ƙin yarda ya yi a rufe masa ido, yana kallon masu harbin suka harbe shi. Matarsa aka tsayar mata da fansho, ta rasa ɗakin da take ciki, ga 'yar shekara uku a hannu, ga kunyar da ba ta iya faɗa wa kowa. Yarinyar, Gertrude Harris, sai da ta girma ta manyanta sannan ta san yadda ubanta ya mutu, ita ce kuma daga baya ta kai ma'aikatar tsaro ƙara kotu tana da shekara sama da 90.

To abun da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne tambayar da kullum take tasowa in majalisar wata ƙasa ta buɗe baki kan abun da ke faruwa a wata ƙasar, wato ina ruwanku. Mutane da yawa da nake girmama ra'ayinsu suna ganin shisshigi ne kawai, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kowa ya ji da nasa. Ni kam labarin sojojin nan da kuma rikicin Katolika da Furotesta na Arewacin Ailan, waɗanda a gaskiya igiya ɗaya ta ɗaure su, sun sa na daina yarda da wannan maganar a dunƙule. Hukuma ba ta cika iya yi wa kanta shari'a ba. Landan ta riƙe fayilolin shari'un nan a kulle shekara da shekaru, sai wajen 1990 aka buɗe su, kuma da aka buɗe ɗin ma aka ga abun da ke ciki ba ta motsa ba. A 1993 firaminista John Major ya ce ba za a yi afuwa ba. A 1998 gwamnatin jam'iyyar Leba ta sake dubawa, minista John Reid ya tashi a majalisa ya nuna alhini amma ya ce afuwa kam babu. Akwai ɗan majalisa Andrew Mackinlay da ya yi ta kawo ƙudiri shekara bayan shekara ana watsar masa.

Kuma don Allah kar a ɗauka masu ƙin afuwar mugaye ne marasa hujja, suna da abun faɗa. Cewa suke ba daidai ba ne mutumin da ke zaune cikin kwanciyar hankali bayan shekara 80 ya auna hukuncin hafsan da ke tsakiyar wuta, a ranar farko ta Somme kaɗai, 1 ga Yuli 1916, sojan Birtaniya sama da 19,000 suka mutu, to in kowa ya juya da baya wa zai tsaya. Suna cewa kusan kashi 90 cikin 100 na hukuncin an sassauta, wasu daga cikin waɗanda aka harbe sun gudu ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, takardun da suka rage kuma ba su isa a tantance wane ne mara lafiya wane ne ya gudu da gangan ba, sannan ina haƙƙin wanda shi ma tsoron yake ji amma ya tsaya ya mutu a ramin. Wannan ta ƙarshen tana taɓa ni gaskiya. Amma amsar da ta gamsar da ni daga Ostireliya ta zo, su dokarsu ba ta bari a zartar da kisa kan sojansu sai gwamnatin gida ta amince, kuma ba ta taɓa amincewa ba duk da matsin da manyan kwamandojin Birtaniya suka yi, har aka gama yaƙin ba a harbe sojan rundunarsu ko ɗaya ba saboda gudu, kuma ba wanda ya isa ya ce sojan Ostireliya ba su yi yaƙi ba. Kenan harbin ba dole ba ne, zaɓi ne aka yi. Ita kanta majalisar Birtaniya ai a 1930 ta soke hukuncin kisa kan gudu da tsoro, bayan fafutukar ɗan majalisa Ernest Thurtle wanda shi ma ya yi yaƙin, shekara 12 kacal da gamawa, mutanen zamanin ne da kansu suka ga abun bai yi ba, ba mu 'yan baya ba.

Da Landan ta toshe kunne, daga waje aka fara. Majalisar Niyu Zilan a shekarar 2000 ta yi doka ta kanta ta yafe wa sojojinta biyar da aka harbe, ba ta jira izinin kowa ba. A Disamba 2001 ministan tsofaffin sojoji na Kanada, Ron Duhamel, ya tashi a majalisar Ottawa ya karanto sunayen 'yan Kanada 23 ɗaya bayan ɗaya, ya nuna nadamar gwamnati, aka shigar da sunayensu littafin tunawa da mazan jiya. Sai kuma Ailan, wadda nata ya fi na kowa sarƙaƙiya, don lokacin yaƙin ba ta da gwamnatin kanta ma, duk tsibirin a ƙarƙashin Landan yake, saboda haka majalisar Dablin ba ta da hurumin yafe wa kowa, abun da take iya yi kawai ta matsa. Ta kuwa matsa. A 2004 ma'aikatar harkokin wajenta ta sa aka bi fayilolin 'yan Ailan 26 ɗaya bayan ɗaya, aka haɗa rahoto aka miƙa wa gwamnatin Birtaniya, rahoton ya nuna shari'un cike suke da rashin adalci, an yi biris da shaidar rashin lafiya, kuma ɗan Ailan ya fi sauran sojoji saurin samun hukuncin kisa in aka duba yawansu a rundunar. A 2006 minista Dermot Ahern ya fito da rahoton fili, aka tattauna shi a majalisa.

Nan ne maganar ta haɗe da rikicin ɗariƙa. Wanda bai bi tarihin wurin ba zai yi mamakin yadda yaƙin da aka gama tun 1918 yake raba mutane a Belfas, babban birnin Arewacin Ailan, har yau. 'Yan Ailan sama da 200,000 suka shiga yaƙin, Katolika da Furotesta. Furotestan arewa yawanci suna runduna ta 36 ta Ulster, wato lardin arewacin tsibirin, wadda aka yi wa ɓarna mai tsanani a Somme, wajen mutum 5,000 tsakanin matattu da masu rauni cikin kwana biyu, wannan jinin ya zama musu abun alfahari da shaidar cewa su 'yan Birtaniya ne na haƙiƙa, har yau zanensa na jikin bangon unguwanninsu. Katolika kuma yawanci suna runduna ta 16, sun tafi da fatan in an gama za a ba ƙasarsu 'yancin cin gashin kai, suna can sai aka yi tawayen Ista a Dablin a Afrilu 1916, Birtaniya ta kashe jagororin tawayen, zuciyar jama'a ta juya gaba ɗaya, waɗanda suka dawo da kakin sarkin Ingila suka tarar ana musu kallon maciya amana. Aka raba tsibirin a 1921, kudu ta kama hanyarta, gundumomi shida na arewa suka zauna da Birtaniya. Daga nan kudu ta yi kamar ta manta da sojojinta, arewa kuma Furotesta suka mai da tunawa da yaƙin kayansu su kaɗai, jan furen nan da ake maƙalawa a ƙirji a watan Nuwamba ya zama alamar ɓangare. To ka ga ɗan Katolikan da aka harbe da asuba an binne shi sau biyu kenan, sojan da ya yi wa aiki sun ce matsoraci ne, mutanensa kuma ba sa son a tuna ya taɓa sa wannan kakin.

Shi rikicin arewan da ya ɓarke a ƙarshen shekarun 1960 ba gardamar aƙida ba ce ta wa ya fi wani iya ibada, magana ce ta ƙasa da mulki da gidaje da aikin yi da ƙuri'a, Katolika tsiraru an daɗe ana danne su a rabon gidajen gwamnati da ɗaukar aiki da shata mazaɓu, amma layin da ya raba mutane shi ne cocin da aka yi maka baftisma, daga sunanka da makarantar da ka yi da layin da kake zaune an san ko kai wane ne, kuma an kashe mutane da yawa ba don komai ba sai don wannan. Sama da mutum 3,500 suka mutu cikin shekara 30 a yankin da mutanensa ba su kai miliyan biyu ba. Ranar 30 ga Janairu 1972 sojan Birtaniya suka harbe masu zanga-zanga 13 a garin Derry. Ranar 8 ga Nuwamba 1987 'yan IRA, ƙungiyar 'yan bindiga mai neman raba arewa da Birtaniya, suka tayar da bom a garin Enniskillen daidai lokacin da mutane suka taru tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙin duniya, mutum 11 suka mutu a ranar, tsofaffi da ma'aikaciyar jinya, a wurin addu'ar matattu fa. Har yanzu akwai dogayen katangu a Belfas da suka raba unguwar Katolika da ta Furotesta, wasu da ƙofofin da ake rufewa da dare.

Shi ya sa maganar mutum 26 ɗin nan ta zama wani abu dabam. A cikinsu akwai James Crozier, yaro daga ɓangaren Furotesta na Belfas, yana cikin runduna ta 36 ɗin nan da ake alfahari da ita, aka harbe shi a Fabrairu 1916 saboda ya bar ramin ya yi tafiyarsa cikin sanyi, kuma hafsan da ya ɗauke shi aiki ya yi wa uwarsa alƙawarin zai kula da shi shi ne ya tsaya a kan kisan, sai da aka ɗura wa yaron giya ya fita hayyacinsa sannan aka ɗauko shi aka ɗaure. Akwai kuma Bernard McGeehan ɗan Derry, da Downey ɗan Limerick mai hula. Turken bai tambayi kowa cocinsa ba. Ina ganin wannan ne ya sa 'yan siyasar arewa daga ɓangarorin biyu, mutanen da ba sa haɗuwa a kan komai, suka goyi bayan afuwar, kuma gwamnatin Dablin da ta tashi nema ba ta ware na kudu ta bar na arewa ba, duka tsibirin ta nema wa. Lokacin ma ya taimaka, an sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Belfas ranar 10 ga Afrilu 1998, a Nuwamban shekarar kuma shugabar Ailan Mary McAleese da sarauniya Elizabeth da sarkin Beljiyam suka tsaya tare suka buɗe hasumiyar tunawa a Messines ta Beljiyam, wurin da runduna ta 16 da ta 36 suka yi yaƙi kafaɗa da kafaɗa a Yuni 1917. A wannan gumurzun ne Willie Redmond, ɗan majalisa Bakatolike mai neman 'yancin Ailan, ya samu raunin da ya yi ajalinsa yana da shekara 56, kuma wanda ya je ya ɗaure masa raunin cikin ruwan harsashi Bafurotesta ne daga rundunar Ulster.

Ita ma yarjejeniyar 1998 ɗin ba daga sama ta faɗo ba, kuma bakin 'yan majalisun waje yana cikinta dumu-dumu, duk da shekara da shekaru Landan na cewa wannan harkar cikin gida ce. A 1977 manyan 'yan siyasar Amurka huɗu masu jinin Ailan, kakakin majalisa Tip O'Neill da sanata Ted Kennedy da sanata Daniel Patrick Moynihan da gwamnan New York Hugh Carey, suka fito da sanarwa suna kiran Amurkawa su daina tura kuɗi ga masu ɗauke da makamai, wato da nasu mutanen suka fara. A 1979 matsin majalisar Amurka ya sa aka dakatar da sayar wa 'yan sandan Arewacin Ailan bindigogi. A 1981 aka kafa ƙungiyar abokan Ailan a cikin majalisar. Majalisar Turai ma a 1984 ta fitar da rahoto kan rikicin ta hannun ɗan majalisa Niels Haagerup ɗan Denmak, gwamnatin Margaret Thatcher tana ta fushi tana cewa ba huruminsu ba ne. Bayan yarjejeniyar Landan da Dablin ta 1985 majalisar Amurka ta zuba kuɗi a asusun da aka kafa a 1986 don samar da aikin yi a ɓangarorin biyu. Ƙarshenta wanda ya zauna a kujerar tsakiya ya yi ta haƙuri da masu zagin juna har aka kai ga sa hannu tsohon sanata ne na Amurka, George Mitchell.

Na sani za a ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, Amurkan da take da nata tarihin danniya wa ya ba ta bakin yi wa wani wa'azi, kuma 'yan majalisar nan ƙuri'ar Amurkawa masu asalin Ailan suke nema a Boston da New York. Gaskiya ne, ban musa ba. Haka kuma gaskiya ne cewa daga Amurkan nan dai aka dinga tara kuɗi da makamai da suka ƙare a hannun IRA, wato bakin waje yana iya zama fetur kamar yadda yake iya zama ruwa. Bambancin da na gani shi ne, waɗanda maganarsu ta yi amfani ba su zo da tutar ɓangare ɗaya ba, sun zo da sunaye da fayiloli da tambayoyin da ake iya amsawa, kuma sun yarda su faɗa wa nasu gaskiya. Sannan akwai lokacin da ɗakin majalisar waje shi ne kaɗai wurin da wanda ake zalunta zai iya magana a rubuta. Lauya Rosemary Nelson 'yar Arewacin Ailan ta je gaban wani kwamitin majalisar wakilan Amurka a Satumba 1998 ta faɗa musu da bakinta irin barazanar kisa da take samu saboda mutanen da take karewa, ranar 15 ga Maris 1999 aka dasa mata bom a mota a garin Lurgan ta mutu. Zaman kwamitin bai cece ta ba, wannan yana da ciwo, amma shaidarta tana nan a rubuce inda ba wanda zai iya gogewa, kuma da ita aka yi ta matsawa har aka kafa kwamitin bincike.

A Agusta 2006, ana tsakiyar shari'ar iyalan Farr, ga rahoton Dablin a kan tebur, ga misalin Niyu Zilan da Kanada, sakataren tsaro Des Browne ya sanar cewa za a yafe wa duka 306, aka saka shi cikin dokar sojoji ta 2006 wadda ta fara aiki a Nuwamban shekarar. Ya kamata a san iyakarta, ba ta soke hukuncin kotunan ba, ba ta ce hafsoshin sun yi laifi ba, ba ta ba iyalai diyya ko kwabo ba, abun da ta ce kawai mutanen nan su ma waɗanda yaƙin ya ci ne kuma kisa ba shi ne abun da ya cancance su ba. Wasu sun ce wannan rabin afuwa ce. Ni ina ganin ko a hakan ta yi aiki, don tsohuwar nan Gertrude ta rayu ta ji da kunnenta an cire wa ubanta sunan matsoraci, an kuma fara sassaƙa sunayen wasunsu a duwatsun tunawa na garuruwansu inda da aka tsallake su. A Staffordshire ta Ingila akwai mutum-mutumin yaro da ido a ɗaure da aka kafa tun 2001, an yi shi da siffar Herbert Burden, bayansa turaku jere kowanne da sunan mutum ɗaya. Faransa ita har yanzu ba ta gama da nata ba, majalisar wakilanta ta amince da wanke sojoji sama da 600 a 2022, majalisar dattawa ta ƙi a 2023. Jamus kuma sai 2002 majalisarta ta soke hukuncin da kotunan Hitler suka yanke wa waɗanda suka gudu daga soja.

Akwai wani abu da nake so a rarrabe da kyau, don na ga ana cakuɗa shi. Yafe wa mataccen da aka zalunta daban, rufe fayil don kare mai rai da ake zargi da kisa daban. Na farkon ya biyo bayan buɗe takardu ne, aka karanta aka ga abun da ya faru sannan aka ce a yi haƙuri, haka ma kisan Derry na 1972, sai da aka yi bincike na shekara 12 rahoton alƙali Saville ya fito a Yuni 2010 ya wanke waɗanda aka harbe sannan firaminista David Cameron ya tashi a majalisa ya ba da haƙuri. Amma a 2023 gwamnatin Birtaniya ta yi wata doka kan abubuwan da suka faru a rikicin arewa, wadda ta tsayar da binciken musabbabin mutuwa da ƙararrakin iyalai, ta kuma buɗe ƙofar kariya daga gurfanarwa ga wanda ya ba wata sabuwar hukuma haɗin kai, ko soja ne ko ɗan bindiga. Abun da ya ba ni mamaki, duka manyan jam'iyyun Arewacin Ailan sun ƙi ta, na Katolika da na Furotesta, uwar da soja ya kashe wa ɗa da matar da IRA ta kashe wa miji duk abu ɗaya suka ce, ba mu yarda ba. 'Yan majalisar Amurka sun rubuta wasiƙu suna adawa, majalisar ƙasashen Turai mai kula da haƙƙin ɗan Adam ta yi gargaɗi, gwamnatin Dablin kuma ta kai Birtaniya ƙara kotun haƙƙin ɗan Adam ta Turai da ke Strasbourg a farkon 2024, a Fabrairun shekarar babbar kotun Belfas ita ma ta ce sashen kariyar ya saɓa wa yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam ta Turai. Gwamnatin Leba da ta hau a Yuli 2024 ta yi alƙawarin soke dokar ta kawo wata.

An sake cewa Dablin da Washinton suna shisshigi, kamar yadda aka ce a 1984. Ni dai ina bayan Dablin a wannan ƙarar ɗari bisa ɗari, don ita ma ta sa hannu a yarjejeniyar 1998, mutanenta ma sun mutu, bama-baman Dablin da Monaghan na Mayu 1974 kaɗai sun kashe mutum 33 kuma har yau ba a hukunta kowa ba, iyalansu suna ta roƙon Landan ta saki takardun da ke hannunta, majalisar Ailan ma ta zartar da ƙudiri a kan hakan fiye da sau ɗaya. Amma ita ma Dablin ɗin sai ta buɗe nata akwatunan, akwai iyalan Furotesta a garuruwan bakin iyaka da suke tambayar yadda masu kisa suke tsallakawa kudu su ɓace, su ma a ba su amsa da takarda a hannu. Iyalan Farr shekara 90 suka jira, iyayen yaran da aka kashe a 1972 da 1974 da 1987 da yawansu sun riga sun rasu, 'yan uwan da suka rage kuma tsufa ya kama su, in aka ce su ma sai an rufe fayil shekara 75 kamar na sojojin nan to ba ɗayansu da zai gani.